Ranar da Aka Soke Inshora, Wa Ya Faɗa wa Lebura?

A wurin gini a Amurka ana iya wayar gari komai yana tafiya yadda aka saba. Injin kwaɓa kankare yana juyi, kafintoci suna buga ƙusa, masu rufi sun hau sama tun hantsi bai ɗaga ba. Amma tun ƙarfe goma sha biyu da minti ɗaya na daren jiya, wanda shi ne lokacin da yarjejeniyoyin inshora suka saba farawa da ƙarewa a can, inshorar da za ta ɗauki nauyin duk wanda ya faɗo daga wannan rufin ta riga ta mutu. Kamfanin inshora ya sani, domin shi ya soke ta. Ɗan kwangila ya sani, domin an aika masa wasiƙa. Hukumar jiha ma tana da labari a kwamfutarta. Mutum ɗaya ne ba shi da masaniya, shi ne wanda ke tsaye a kan tsani.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, kamfanin inshora yana da haƙƙin ya rabu da ɗan kwangilar da ya ƙi biya ko ya yi masa ƙarya, amma bai kamata rabuwar tasu ta tafi da haƙƙin ma'aikaci ba. Rigima ce ta kuɗi tsakanin mutum biyu, kuma shi ma'aikacin ba da shi aka ƙulla ba, ba a gabansa aka warware ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A harkar inshorar diyyar ma'aikata, sau da yawa wanda ya ja ruwan yana cikin rumfa, wani ne daban yake jiƙewa.

Kafin a gane nauyin sokewar, sai an san abin da ma'aikaci ya sadaukar kafin ya samu wannan inshora. A ƙarni na 19, ma'aikacin da ya ji rauni a Ingila ko Amurka ba shi da hanya sai ta kotu, kuma a kotu ubangidansa yana da garkuwa uku. Zai iya cewa ma'aikacin yana da hannu a cikin sakacin, ko da kaɗan ne. Zai iya cewa abokin aikinsa ne ya jawo, ba shi ubangida ba. Zai kuma iya cewa ai ya san aikin yana da haɗari tun ranar da ya karɓa. Da wuya mai rauni ya tsallake dukkan ukun. Jamus ce ta fara sauya wannan a 1884, zamanin Bismak, da dokar inshorar haɗarin aiki. Birtaniya ta yi tata dokar a 1897. A Amurka, jihar Niyok ta gwada a 1910, sai babbar kotun jihar ta rushe dokar ranar 24 ga Maris, 1911, bisa hujjar cewa ƙwace dukiyar masu kamfani ne ba bisa ƙa'ida ba. Washegari, 25 ga Maris, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a cikin birnin, ta kashe ma'aikata 146, yawancinsu 'yan mata baƙi. Jihar ta gyara tsarin mulkinta a 1913 don dokar ta zauna. Wiskonsin ce ta samu dokar farko da ta ɗore, a 1911, Kotun Ƙolin Amurka ta amince da tsarin a 1917, Misisipi kuma ta zo ƙarshe a 1948.

Abin da aka ƙulla musaya ce. Ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa na kai ubangida ƙara da neman diyya mai tsoka. A madadin haka aka yi masa alkawarin magani da wani kaso na albashinsa, wanda a yawancin jihohi kashi biyu cikin uku ne, ba tare da an tsaya binciken laifin wane ne ba. Wato ya karɓi kaɗan tabbatacce a maimakon mai yawa da ba tabbas. Tabbacin nan shi ne dukan ribarsa a cinikin. Idan aka soke inshora ba da saninsa ba, abin da ya saya ɗin ne aka ɗauke.

Babu kuma sana'ar da wannan tabbaci ya fi yi wa amfani kamar gini. Ƙididdigar hukumar alƙaluman ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 mutum 5,283 suka mutu a bakin aiki a ƙasar, 1,075 daga cikinsu a sashen gine-gine, wanda ya fi kowane sashe. Daga cikin waɗannan, 421 faɗowa ce ko zamewa ta yi ajalinsu. Waɗanda suka rayu da karyayyen ƙashin baya ko hannun da ba ya ɗagawa ba su cikin wannan lissafi.

To me ke kawo sokewa? Amsar tana cikin yadda ake yanka farashi. Ana lissafa kuɗin inshorar ne a kan kowace dala 100 ta albashi, kuma kowane irin aiki yana da lambarsa da farashinsa. Ma'aikacin ofis, mai lamba 8810 a tsarin da yawancin jihohi ke bi, kuɗinsa bai kai dala 1 ba a kowace dala 100. Mai rufin gida, mai lamba 5551, a wasu jihohi nasa ya haura dala 20. Sannan a ninka da wani ma'auni na tarihin kamfanin: wanda ma'aikatansa ke yawan jin rauni ma'auninsa ya haura 1, wanda ke kiyayewa nasa ya sauka ƙasa da 1. Abin da ake biya a farkon shekara kintace ne kawai, domin ba wanda ya san yawan aikin da za a samu. Sai shekara ta ƙare mai binciken kamfanin inshora ya zo ya buɗe littattafan albashi da takardun haraji, ya gwada abin da aka faɗa da abin da ya faru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan ne ɗan kwangilar da ya ce yana da kafintoci uku da akawu biyu ake gano cewa su biyar ɗin duk a kan rufi suke wuni. A nan ne kuma ake ɗauko duk kuɗin da ya biya 'yan jingar da ba su da inshorar kansu, a zuba su cikin jimillar albashinsa, a miƙa masa takardar bashin da bai taɓa tsammani ba. Idan ya kasa biya, ko ya ƙi buɗe littattafan, sokewa ce ke biyo baya.

Wannan fuska ɗaya ce, ta mai ha'inci. Akwai wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba, kuma duk wanda ya taɓa yin kwangila a ƙasarmu zai gane ta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙaramin ɗan kwangila yana biyan ma'aikatansa duk mako, amma shi sai babban ɗan kwangila ya karɓi kuɗi daga mai gini kafin ya biya shi, kuma yarjejeniyoyi da yawa haka suka rubuta ƙarara. Ko an biya shi, ana riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har sai an kammala aikin gaba ɗaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙananan kamfanoni ba su iya biyan kuɗin inshorar shekara a dunƙule, sai su ci bashi a wajen kamfanin lamuni da ke biya musu, su kuma su riƙa biyansa wata-wata. A cikin takardar bashin akwai sharaɗin da ya ba mai lamunin ikon ya nemi a soke inshorar da zarar an tsallake biya. Saboda haka mutum mai gaskiya, wanda bai ɓoye ko sisi ba, yana iya rasa inshorarsa don kawai wani da ke samansa ya yi jinkirin sa hannu a takardar biya. Jinkirin mai gini ya gangaro kan babban ɗan kwangila, ya gangaro kan ƙarami, ya ƙare a kan wanda ke ɗaukar bulo.

Dokokin jihohi ba su bar sokewa sakaka ba. A Niyok, alal misali, dole kamfanin inshora ya ba da sanarwar kwana 10 idan rashin biya ne dalili, kwana 30 idan wani dalili ne daban, kuma dole a sanar da hukumar diyyar ma'aikata ta jihar, in ba haka ba sokewar ba ta tabbata ba. Hukuncin wanda ya ci gaba da aiki babu inshora ma ba na wasa ba ne. Niyok tana iya cin tarar dala 2,000 a kan kowane kwana 10 da aka yi babu ita. Fulorida, wadda ta wajabta inshorar a kan ɗan kwangilar gini ko da ma'aikaci ɗaya gare shi, alhali yawancin sauran sana'o'i sai sun kai huɗu, tana rufe wurin aiki nan take. Kalifoniya ta fi kowa tsanani: da zarar inshora ta yanke, lasisin ɗan kwangila ya dakata da kansa, ba sai wani jami'i ya ɗaga alƙalami ba. Wanda kuwa ya yi aiki ba lasisi a jihar ba shi da ikon neman kuɗin aikinsa a kotu, har ma ana iya sa shi ya mayar da abin da aka riga aka biya shi. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yi hukunci a kan wani ɗan kwangila da ya shaida wa mai inshorarsa cewa albashin da ya biya dala 312 ne, alhali na gaskiya ya kai kimanin dala 135,000. Shi ya kai masu gida ƙara yana neman cikon kuɗinsa. Kotu ta ce wanda ya yi irin wannan ƙarya daidai yake da wanda bai yi inshora ba, saboda haka tun farko ba shi da lasisi. Ya rasa cikon, aka kuma umarce shi ya dawo da abin da ya karɓa.

Ban da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce. Amma mai karatu ya lura da inda duk suka dosa. Suna hukunta ɗan kwangila, suna kare mai gida, suna tara wa jiha kuɗi. Babu ɗaya a cikinsu da ke biyan kuɗin asibitin wanda ya faɗo ranar Talata bayan inshora ta mutu ranar Litinin.

Za a ce ai doka ta tanadar masa mafita, kuma gaskiya ne. Idan ubangida ba shi da inshora, ma'aikaci yana iya kai shi ƙara kai tsaye, kuma an tuɓe wa ubangidan garkuwar nan uku. Sai dai mutumin da ya kasa biyan zubin wata ɗaya, me za a samu a wajensa bayan shekara biyu ana shari'a? Motar a-kori-kura da tsani biyu. Mafita ta biyu ta fi ƙarfi: a yawancin jihohi, idan ƙaramin ɗan kwangila ba shi da inshora, nauyin ma'aikatansa yana hawa kan babban ɗan kwangilar da ya yanka masa aikin. Wannan ƙa'ida ita ce ta ceci mutane da yawa, amma tana aiki ne idan akwai babba a sama, kuma shi ma tasa inshorar tana raye. Mai gyaran rufin gidan wani tsoho a unguwa ba shi da kowa a samansa. Mafita ta uku ita ce asusun da wasu jihohi, irin su Kalifoniya da Niyok, suka kafa don ma'aikatan iyayen gida marasa inshora. Ba kowace jiha ke da shi ba, kuma inda yake ma sai an bi matakan shari'a, an nemo ubangidan an shigar da shi cikin ƙara, an tabbatar da cewa lalle ba shi da inshora. Mutumin da ke kwance da karaya, ga kuɗin haya ya zo, watanni a wajensa shekaru ne. Kuma kaso mai yawa na leburorin gini a Amurka baƙi ne, wasu ba su da takardun zama. Irin wannan mutum yakan gwammace ya ɗaure hannunsa a gida da ya je gaban hukuma, ko da doka a yawancin jihohi ta ba shi haƙƙin diyyar.

Akwai wata al'ada a nan da ta daɗe tana damuna. Idan ɗan kwangila ya samo kuɗi bayan an soke inshorarsa, yana so a dawo masa da ita kamar ba ta taɓa yankewa ba, kamfanin inshora yakan nemi ya sa hannu a takardar cewa babu wanda ya ji rauni a kwanakin da aka yi babu kariya. A fuskar kamfani wannan hankali ne, ba wanda zai sayar da inshorar gobara ga gidan da ke ci da wuta. Amma a duba abin da takardar ta haifar. Idan wani yaro ya faɗo a cikin waɗannan kwanaki, ubangidansa yana da babban dalilin da zai lallashe shi da 'yan kuɗi a hannu, ya roƙe shi ya ce wa likita a gida ya zame. Idan kuwa ba a dawo masa da ita ba, sai ya faɗa kasuwar 'yan rabon dole, inda jiha ke tilasta wa kamfanoni su karɓi waɗanda kowa ya ƙi, a farashi mai tsada. Can ma ba a karɓarsa sai ya biya tsohon bashin da bai yi jayayya da shi ba. Wanda duk ƙofofin nan suka rufe masa ba ya daina gini. Yana komawa biyan kuɗi a hannu ne, ya ce wa ma'aikatansa daga yau kowa ɗan jingar kansa ne.

Sai batun takardar shaida, wadda ita ce ginshiƙin amana a wurin gini. Kafin a bar ƙaramin ɗan kwangila ya shigo da mutanensa, yana miƙa takarda mai shafi ɗaya daga dillalin inshorarsa, mai nuna sunan kamfani da lambar yarjejeniya da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ana sa ta a fayil, hankalin kowa ya kwanta. Amma takardar hoton rana ɗaya ce. Tana cewa a ranar da aka buga ta akwai inshora, ba ta cewa gobe ma akwai. A da, samfurin takardar da kusan kowa ke amfani da shi yana ɗauke da alkawarin cewa kamfanin inshora zai yi ƙoƙarin sanar da mai riƙe da ita idan an soke. A 2009 aka cire ko wannan ɗan alkawarin, aka bar cewa za a ba da sanarwa yadda yarjejeniyar ta tanada, ita kuwa yarjejeniyar galibi wanda ya saye ta kaɗai ta sani. Mutum yana iya biyan zubin farko a watan Janairu, ya karɓi takarda mai nuna kariya har Disamba, ya daina biya a Maris, ya ci gaba da nuna ta har ƙarshen shekara. A Fulorida masu gabatar da ƙara sun sha gurfanar da waɗanda suka mai da wannan sana'a: a buɗe kamfanin bogi, a saya masa inshora mafi araha da sunan ma'aikata ƙalilan, sannan a riƙa ba da hayar takardar shaidarsa ga gungun 'yan jinga masu ɗaruruwan ma'aikata, ana karɓar wani kaso na albashin. Kafin mai bincike ya zo ƙarshen shekara, an rufe kamfanin an buɗe wani.

Fulorida ɗin dai ta nuna cewa maganin wani ɓangare na wannan ba shi da wuya. Hukumarta ta buɗe rumbun bayanai a intanet inda babban ɗan kwangila zai shigar da sunayen waɗanda ya yanka wa aiki, a riƙa aiko masa da saƙo da zarar inshorar ɗayansu ta sami matsala. Abin tambaya shi ne, idan kwamfuta tana iya sanar da babban ɗan kwangila cikin daƙiƙa, me ya hana ta sanar da ma'aikacin da wayarsa ke aljihunsa? Teksas, wadda ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu zaɓin yin inshorar ko barinta, tana da dokar da ta ce dole a sanar da ma'aikata idan an soke. Amma wa aka ɗora wa sanarwar? Ubangida, wato mutumin da ya fi kowa son a yi shiru. An kuma ba shi har kwana 15 bayan sokewar ta fara aiki. An ba kura ajiyar nama ke nan, aka ƙara mata da wa'adi.

Sanarwa ma, ko ta isa kunnen ma'aikaci, rabin magani ce. Mai ciyar da iyali da abin da ya samu yau ba zai sauko daga rufi don an aiko masa da saƙo ba. Cikakken maganin shi ne a raba haƙƙin ma'aikaci da halin aljihun ubangidansa, kuma wannan ba mafarki ba ne, akwai inda ake yinsa. A Jamus ma'aikacin gini yana cikin inshorar haɗari ne da ƙarfin doka, tun daga ranar da ya fara aiki. Ko ubangidansa bai biya ba, ko bai yi masa rajista ba, ko aikin ɓoye ne ake yi don kauce wa haraji, ƙungiyar inshorar magina tana yi masa magani tana biyansa, sannan ta juya kan ubangidan ta karɓi kuɗinta. A cikin Amurka ma jihohi huɗu, Ohayo da Washinton da Wayomin da Dakota ta Arewa, ba su bar harkar a hannun kamfanoni ba, asusun jiha ne ke riƙe da ita. A Ohayo, idan kariyar ubangida ta yanke aka samu rauni, asusun yana biyan ma'aikacin, ya kuma bi ubangidan dala bisa dala.

Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga wata tsohuwar hikima a nan. Diyyar kisan kuskure ba a kan wanda ya yi kuskuren kaɗai aka ɗora ta ba, an ɗora ta a kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, don kada haƙƙin magada ya rataya a kan aljihun mutum guda da zai iya zama fanko.

Masu adawa da wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa idan ma'aikaci zai samu diyya ko an biya ko ba a biya ba, to masu gaskiya ne za su riƙa ɗaukar nauyin masu ha'inci, domin daga zubinsu asusun ke cika. Haka ne. Amma masu gaskiyar suna ɗaukar wannan nauyi tun yanzu, ta hanyar da ta fi muni. Mai rufin da ke biyan dala 20 a kan kowace dala 100 yana takarar neman aiki da wanda ba ya biyan komai, kuma a kasuwar da mafi arha ke cin kwangila, an san wanda zai yi nasara. Asibitocin da ke karɓar mai rauni a ɗakin gaggawa ba tare da mai biya ba suna mayar da asarar kan kowa. Tambayar ita ce wa ya fi dacewa ya bi mai ha'inci bashi: hukuma mai lauyoyi da ikon ƙwace kadara da soke lasisi, ko lebura mai sanda a hammata? Ni dai ban ga yadda za a zaɓi na biyu ba.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja zai iya cewa wannan matsalar masu abin hannu ce, mu nan ina aka ga inshorar balle a soke ta. Akwai gaskiya a ciki, amma dokarmu ta fi yadda ake zato. Har zuwa 2010 Nijeriya tana bin dokar diyyar ma'aikata ta 1987. A Disambar 2010 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta ɗauki hanya mai kama da ta Ohayo da Jamus: asusu guda a hannun hukumar NSITF, kowane ubangida ya zuba aƙalla kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Dokar ta fassara ma'aikaci da faɗi ƙwarai, ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba rubutu, a sashen da ke da rajista da wanda ba shi da ita. Wato a rubuce, yaron da aka ɗauko da safe a bakin titi don zubin dakin yana ciki. Ta kuma haɗa mai ba da aiki da ɗan kwangilarsa a kan alhakin biyan zubin. Idan ma'aikaci ya mutu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi, tanadin shi ne a riƙa biyansu kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Ban da wannan, dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina bene fiye da hawa biyu ya yi inshorar abin da ginin zai iya jawowa ga ma'aikata da sauran jama'a, dokar 2025 da ta maye gurbinta kuma ba ta sauke wannan wajibi ba. A wannan ɓangaren na kamfanonin inshora, ƙa'idar da hukumar NAICOM ta fara tsanantawa a 2013 ita ce, ba biya, ba kariya.

Tsarin asusun ya kauce wa ramin da na bayyana a sama, domin zubin NSITF wajibi ne na doka, ba yarjejeniya ba ce da wani kamfani zai soke. Namu ramin a wani wurin yake. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ta Legas ya rufta, ya kashe mutane fiye da 40, galibinsu ma'aikata. A kwanakin da suka biyo baya sai da hukumomi suka nemi iyalai su zo su ba da sunayen waɗanda suke nema, domin babu cikakkiyar rajistar waɗanda suka shiga wurin a ranar. Wannan a unguwa mafi tsada a ƙasar ke nan. Wanda ba a rubuta sunansa yana da rai ba, da wace takarda matarsa za ta je neman kashi 90?

A nan ne darasin takardar shaidar Amurka ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa neman kwangilar gwamnatin tarayya ya san cewa cikin takardun da ake nema akwai shaidar biyan NSITF, mai aiki har 31 ga Disamba na shekarar. Ita ma hoton rana ɗaya ce. Kamfani yana iya karɓarta a kan albashin darakta da sakatariya da direba, ya ci kwangilar ginin makaranta, sannan ya sayar da aikin ga wani, shi ma ya yanka wa birkila, birkila ya kwaso leburori hamsin da babu sunan ko ɗaya a ko'ina. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Injiniyoyi da masu ƙididdigar gini da jami'an sayayya, waɗanda da yawansu ke karanta wannan shafi, su ne ke sa hannu a takardar biyan kowane mataki na aiki. Babu abin da ya hana a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a saki kuɗin mataki ba sai ɗan kwangila ya haɗo da jerin sunayen duk wanda ya yi aiki a wurin a wannan wata, har da na 'yan jinga, da rasidin zubin da aka yi a kan albashinsu. A aikin da kuɗin ƙwadagonsa ya kai naira miliyan 20, zubin naira 200,000 ne, kuma littafin da za a riƙa rubuta sunaye a bakin ƙofa kowace safiya bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.